Gudummawa, Kalmar da Take da Ƙafa

Bahaushe yana da kalmomin bayarwa da yawa, kowace kuma da aikatau ɗin da take tafiya da shi. Zakka fitar da ita ake yi. Sadaka bayarwa ake yi. Tallafi rabawa, gidauniya kafawa, gaisuwa miƙawa. Gudummawa kuwa kai ta ake yi, in kai ne mai karɓa a ce an kawo maka. Gidajen rediyo sun yawaita "ba da gudummawa" har kunne ya saba, amma matar da ta yafa mayafi za ta gidan suna a Sabon Garin Gusau cewa take yi za ta kai gudummawarta. Ba ta cewa za ta fitar, ba ta cewa za ta raba. In ta kuskura ta ce wa mai jego ga sadaka, to ta ɓata zumuncin da zai daɗe bai gyaru ba, ko da kuɗin da ke ƙulle a bakin zanenta ba su ragu da kwabo ba.

Cikin manyan kalmomin nan, sadaka da zakka da waƙafi da hubusi baƙi ne, Larabci ya kawo su tare da addini. Gudummawa 'yar gida ce. A Kano ana cewa gudummawa, haka kuma daidaitacciyar Hausa ta ɗauka. A bakin mutanen yamma da yawa, daga Gusau zuwa Sakkwato da Maraɗi, gudummuwa za ka ji. Wasu masu rubutu suna sa gudunmawa, kamar suna son a ga inda aka haɗa kalmar. Ko ta yaya aka furta, gudu ne a gabanta. Tsofaffin ƙamusoshin Hausa, irin na Bargery na 1934 da na Abraham da ya biyo bayansa, sun adana ma'anar da yau ta fara ɓuya: mayaƙan da aka turo su ƙara wa waɗanda yaƙi ya ci ƙarfinsu. Farkon gudummawa mutane ne masu kwari da baka, waɗanda suka ji kururuwa ko ganga daga garin maƙwabta suka sheƙo. Kuɗi daga baya suka shigo maganar.

Ƙasar Gusau ta san wannan ma'ana a jikinta. Malam Sambo Ɗan Ashafa, wanda ya fito daga 'Yandoto, tsohon garin malaman nan da ke kusa da Tsafe, shi ya kafa Gusau a farkon ƙarni na 19. Garin ya tashi a bakin daga. Katsinawan da suka ƙi bin masu jihadi sun kafu a Maraɗi, Gobirawa a Tsibiri, kuma an kwashe shekaru masu yawa ana kai wa juna hari da zarar damina ta ɗauke. Garuruwa masu ganuwa da waɗanda suka raɓe a gindin dutse, irin Kwatarkwashi da yau take cikin ƙaramar hukumar Bunguɗu, ba su da rundunar da ke zaune tana jiran albashi. Abin da ke tsare gari shi ne tabbacin cewa in an buga na kusa za su zo. Wanda ya noƙe yau ya san ranar da aka zo kansa ba zai ga ƙeyar kowa ba. A nan kalmar ta samo sharaɗi biyu da har gobe ba su rabu da ita ba: ana kai ta ga tsara, kuma tana dawowa.

Da yaƙi ya kwanta sai ta shiga unguwa. Wuta ta kama ɗakin ciyawa, maza suka fito da tuluna, gudummawa ce. An tashi ɗora jinka, wadda kowa ya san hannu ɗaya ba ya ɗaukarta, gudummawa ce. Mai gona ya kira gayya, ya dama fura ya gayyato makaɗa, samari suka zo da fartanya suka share masa noman biyu a yini guda, shi ma mako mai zuwa yana gonar wani. Amma mata ne suka mayar da abin ilimi mai ƙa'ida a wajen biki. Uwar amarya tana zaune, ƙawaye da dangi suna shigowa da kuɗi da kwanuka da atamfa da hatsi, ga mai riƙe lissafi a gefe, a da da ka, yanzu a littafin makaranta mai layi-layi. Ranar da mai kawowar ta tashi nata bikin za a mayar mata, a al'ada har da ƙari, sau da yawa ninki. In ninkin ya hau ya yi nauyi sai ƙawayen biyu su sasanta su sauko ƙasa, su sake farawa. Babu takarda, babu shaida, babu alƙali, duk da haka bashin biki ya fi na kasuwa wuyar ci, domin wadda ta ci shi ranar aurar da 'yarta za ta ga tabarmi shimfiɗe babu masu zama.

Godiyar ma ta bambanta. Wanda aka kawo wa gudummawa cewa yake yi Allah ya bar zumunci. Kuma tun da zumunta a ƙafa take, kuɗin kaɗai ba su cika ta ba. Yanzu da ake turo kuɗi ta waya daga Abuja ko Legas, za ka ji uwar biki ta ce, "Ta turo dai, amma ba ta zo ba." Gudun da ke cikin kalmar bai mutu ba, shi ne take nema.

Sadaka wata hanya ce daban. Saiwarta a Larabci ita ce ta gaskiya, wadda ta haifi Siddiƙu da Sadiƙu, ta kuma haifi sadaki. Ma'anar da malamai ke fitarwa ita ce mai sadaka yana gaskata imaninsa da dukiyarsa, kamar yadda ango ke gaskata nemansa da sadaki. Yahudawa ma suna kiran tasu tsedaka, daga saiwa ɗaya. Sadaka ba ta neman tsara, ba ta jiran ramuwa a duniya, kuma an fi so a ɓoye ta. Wanda aka miƙa wa, ko almajiri ne ko makaho ko tsohuwa, kamar ɗan aike ne, shi ya sa addu'arsa ita ce Allah ya karɓa, Allah ya ba da lada. Bahaushe ya ƙara mata nasa aiki, na kare kai. Wanda ya yi mummunan mafarki, ko zai kama doguwar hanya, ko yaro ya kwanta masa ciwo, sai a ce ya yi sadaka, a daka gumba ko a toya waina a tara yaran unguwa. Ga sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in bayan rasuwa, waɗanda malamai suka daɗe suna ja-in-ja a kansu. Ga auren sadaka, inda uba ke aurar da 'yarsa ga wani, galibi malami ko ɗalibi, ba tare da ya ɗora masa ɗawainiyar neman aure ba.

Kalmar ta yi tafiyar da ta fi ta 'yan uwanta nisa. Yarbawa suna cewa sara, mutanen Mali da maƙwabtansu saraka. Ta haye teku a bakin bayin da aka kwashe daga Afirka ta Yamma. A tsibirin Sapelo na jihar Jojiya a Amurka, jikokin wani bawa Musulmi mai suna Bilali Muhammad sun ba masu bincike labari a shekarun 1930 cewa kakanninsu mata suna yin wani curi na shinkafa mai zaƙi suna raba wa yara, sunansa saraka. A Tirinidad da Giranada ma har yau akwai walimar da ake kira da wannan suna. Duk wanda ya taɓa miƙa hannu yana yaro aka saka masa curin gumba ranar Juma'a zai gane abin nan take.

Zakka kuwa aikatau ɗinta ya gama bayaninta. Ana fitar da ita ne domin abin da ya zauna cikin dukiyarka alhali na wani ne. Saiwar kalmar tana nufin tsarki da yaɗuwa. An wajabta ta a shekara ta 2 bayan Hijira, kuma aya ta 60 ta Suratut Tauba ta jera rukuni takwas na masu cin ta. Abin lura, kalmar da ayar ta yi amfani da ita jam'in sadaka ce, wato a Larabcin farko sunayen biyu suna shiga gurbin juna. Bahaushe ya raba su tsaf. Manomin dawa a Bunguɗu da amfaninsa ya kai nisabi, wasaƙi 5, wato sa'i 300, yana ware dami ɗaya cikin 10 in ruwan sama ya shayar, rabin haka in da wahalar ban ruwa ya noma a fadama. Shanu 30 suna fitar da ɗan maraƙi, tumaki ko awaki 40 suna fitar da guda, kuɗin da suka kai nisabi suka shekara ana cire ɗaya cikin 40. Ga kuma zakkar kono, ta fidda kai, mudun Annabi 4 a kan kowane rai a ƙarshen azumi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya dogara da taushin zuciyar mai dukiya. Talakan da ya karɓi zakka haƙƙinsa ya karɓa, in ya yi godiya ladabi ne kawai.

Saboda haƙƙi ce sai ta zama abin da hukuma ke sa wa ido, kuma nan ne sunanta ya sha gauraya da na wasu. Shehu Usmanu a cikin Kitabul Farƙi ya soki sarakunan Hausa da sunayen abubuwan da suke karɓa, har da jangali da kuɗin gari da gaisuwa. Daular da ya kafa ta mayar da zakkar hatsi babbar hanyar shigar dukiya, ana tara dammuna a rumbunan sarauta. Bayan faɗuwar Sakkwato a 1903, Turawa suka narkar da ita cikin haraji, abin da ake ɗiba da sunan Allah ya koma abin da ake biya don tsoron dogari. Daga nan masu tsoron Allah suka koma fitar da tasu a asirce, su ba malamin unguwa da dangi mabuƙata. Haka aka zauna kusan ƙarni guda, har aka ƙirƙiri jihar Zamfara a 1996, gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'a a Gusau ranar 27 ga Oktoba, 1999, aka kuma kafa Hukumar Zakka da Waƙafi, wadda sauran jihohi suka yi koyi da ita. Hukumar tana aurar da marayu, tana biya wa waɗanda bashi ya kai gidan yari, tana taimakon majinyata. Sai dai tun da gwamnati ma tana zuba mata kuɗi, wanda ya tsaya a layi ba koyaushe yake sanin ko haƙƙinsa na zakka ya karɓa ko alherin mai mulki ba. A ganina wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin daga amsar ne mutum ke sanin ko zai ɗaga kai ko zai rusuna.

Rabin sunan hukumar na biyu ya cancanci a ɗan tsaya a kansa. Zamfara da Sakkwato suna cewa waƙafi, Kano kuwa hukumarta ta Zakka da Hubusi ce. Abu ɗaya ake nufi, wato a tsare asalin dukiya, gona ko gida ko rijiya, ba sayarwa ba gado, amfaninta ya riƙa gudana ga jama'a. Hubusi ita ce kalmar Malikawan Arewacin Afirka, ita almajiri ke tararwa a Risala ta Ibn Abi Zaid. Waƙafi ta fi yawo a gabas, ita ce kuma a Muhtasar na Halil. Dukkansu tsarewa suke nufi, har Bahaushe ya ɗauki ta biyun ya ba alamar da ke tsayar da mai karatu a tsakiyar jimla, ya kuma kira inda ake tsare wanda bai ga alƙali ba gidan waƙafi. Misalan da malamai ke kawowa su ne gonar Sayyidina Umar ta Haibara da rijiyar Ruma da Sayyidina Usman ya saya wa mutanen Madina. A ƙasar Hausa an san haƙa rijiya da gina masallaci da barin littattafai ga ɗalibai, amma an fi kiran su sadaka mai gudana. Kalmar waƙafi ba ta shiga bakin talaka sosai ba sai da aka rubuta ta a allon ofis.

Sabon Garin Gusau, kamar takwarorinsa na Kano da Zariya, unguwar baƙi ce tun asali. Ta cika ne lokacin da layin dogo ya taso daga Zariya ya ratsa Gusau ya dire Ƙauran Namoda a 1929, kamfanonin auduga da gyaɗa suka jawo ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu. A irin wannan cakuɗuwa kalmomi ma suna cinikin juna. Kiristan da ke ibada da Hausa ya ari zakka ya ba ushirinsa, abin da yake sakawa a faranti ranar Lahadi kuma ya kira shi baiko, kalmar da maƙwabcinsa Musulmi ya fi sani a maganar aure. Asusu kuma masana harshe suna danganta ta da esusu ta Yarbawa, wadda a wurinsu adashi ce. Da ta shigo Hausa sai ta zauna a kan 'yar tukunyar laka mai tsagaggen baki da yaro ke jefa kwabbai ya fasa ana gobe Salla. Yau ita ce sunan manyan taskokin duniya, har da Asusun Ba da Lamuni.

Gidauniya ta bi irin wannan hanya, sai dai ita ta gida ce. Asalinta babbar ƙwarya ce mai faɗin baki, wadda ake zuba abin da ya fi ƙarfin ƙananan ƙore. Wanda ya fara kiran taskar taimakon jama'a da wannan suna ya iya zaɓe, domin kowa ya san ba hannu ɗaya ke cika gidauniya ba. A shekarun 1980 aka kafa Gidauniyar Jihar Kano, Katsina ma ta yi tata bayan ta zama jiha, ta Aliko Ɗangote ta zo a 1994. Tare da su ne aka samu sabuwar al'ada, taron ƙaddamarwa. A kafa rumfa, a ɗauko babban mai ƙaddamarwa da iyayen taro, a riƙa kiran sunaye a lasifika ana faɗin adadi ana tafi. A nan ne gudummawa ta fara canja kamanni. Ta uwar biki tana hannu kafin a ambace ta. Ta ƙaddamarwa sau da yawa ambaton ke riga ta, wani lokaci ma shi kaɗai ke zuwa. Kwamitocin gina masallatai da makarantun Islamiyya sun san yawan alƙawarin da aka tafa wa a rumfa aka kuma gaji da bin sa a ƙofar gida. Amma ban ga dalilin zubar da tsarin gaba ɗaya ba. Gasar da ke sa attajiri ya ƙara a kan abin da abokin hamayyarsa ya faɗa ta gina ajujuwa da yawa da ikhlasi shi kaɗai bai gina ba.

Kalmar da ta cinye kasuwa a yanzu ita ce tallafi, kuma ita ce aka fi zalunta. Tallafa da tallaba 'yan ɗaki ɗaya ne: a sa hannu a ƙarƙashin abin da zai faɗi. Ungozoma tana tallabe kan jariri, mai jinya yana tallafar majinyaci ya zaunar da shi ya sha koko. A tsohuwar Hausa ɗan tallafi shi ne yaron da aka ba goggo ko kaka ko wata 'yar uwa da ba ta samu haihuwa ba, ta riƙe shi ta ci da shi ta tufatar, in mace ce ta yi mata kayan ɗaki ta kai ta gidan miji. Tallafi ke nan, nauyi na shekaru, wanda ba a saukewa sai abin ya tsaya da ƙafarsa. Dubi inda aka kai kalmar. Tallafin Korona a 2020, tallafin man fetur da aka cire ranar 29 ga Mayu, 2023, sannan kayan tallafin da aka ce za su rage raɗaɗin cirewar. Tallafin azumi, tallafin taki, tallafin mata. Yawanci ƙaramin buhun shinkafa ne ko taliya da 'yan dubbai, a tara mutane a rana, a ɗauki hoto a sa a Facebook. Mai rabawa ba ya kiran sa sadaka, don kada a ce ya raina masu zaɓe, kuma sadaka ba ta son kyamara. Ba ya kiran sa zakka, don zakka tana da nisabi da za a iya lissafa masa. Ba ya kiran sa gudummawa, don ba ya ɗaukar masu layin tsararsa. Tallafi ce kaɗai ba ta ɗaure shi da komai. Addu'ar da ake mayar masa ma ta fallasa cinikin, domin a irin wannan wuri ne ake cewa Allah ya maimaita, kowa kuma ya san abin da ake so a maimaita ranar zaɓe.

Gudummawa kuwa tarihi ya juyo da ita inda ta fito, ta hanyar da babu wanda ya roƙa. Fiye da shekara 10 ke nan ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu da gefen Gusau suna kwana da kunne ɗaya saboda 'yan bindiga. Hanyar Gusau zuwa Funtuwa, wadda ta ratsa Tsafe, ta zama abin addu'a kafin a hau. A watan Satumba na 2021 har layukan waya aka rufe a jihar Zamfara, aka dakatar da kasuwannin mako. A wannan watan ne aka sace Sarkin Bunguɗu kansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja, ya yi makonni a hannunsu. A cikin wannan hali kalmar ta rabu biyu. Tsohuwar ma'anarta, ta maza su ji ihu su sheƙo, yanzu an fi kiranta ɗauki, ita 'yan sa-kai suka ce suna yi, ita kuma gwamnatin Dauda Lawal ta sa wa kaki da ta ƙaddamar da Askarawan Zamfara a farkon 2024. Wannan ɗauki ya tsare garuruwa, ya kuma jawo ramuwar gayya da zubar da jinin waɗanda ba su ji ba su gani ba. Ɗaya rabin kuma, na kuɗi, ya koma karo-karon fansa.

In aka ɗauke magidanci, iyalinsa sukan fara da abin da ke gida: hatsin rumbu, shanun huɗa, babur, daga ƙarshe gona. In bai kai ba sai dangi da maƙwabta da abokan sana'a, a bi gida-gida, a sanar a masallaci, 'ya'yan garin da ke birni su riƙa yaɗa lambar asusun banki a WhatsApp. Ba a kiran wannan sadaka, ko da wanda ya ba da naira dubu ɗaya yana fatan lada. Gudummawa ake cewa, kuma an yi daidai, domin mai bayarwa ya san gobe yana iya zama shi ne a daji. Majalisar Dattawa ta amince da wani gyaran doka a watan Afrilun 2022 da ya tanadi ɗaurin shekara 15 ga mai biyan fansa, kuma hujjar masu gyaran ba ta banza ba ce, tun da kowace fansa tana sayen harsashin hari na gaba. Amma ba a taɓa jin uwar da wannan hujja ta hana sayar da akuyarta ba.

Tambayar ta kai har zauren malamai: ko za a iya sa zakka a ciki? Cikin rukunin nan takwas akwai na 'yanta wuyaye. Mashahurin zance a mazhabar Malikiyya, wanda Halil ya tafi a kai, shi ne wannan kaso na 'yanta bawa ne, bai isar ba in an fanshi kamamme da shi. Ibn Habib, shi ma Bamalike, ya halatta, Hambalawa ma haka, bisa hujjar cewa wanda ke hannun maƙiya ya fi bawa buƙatar a kwance shi. Malikawan da suka hana ba cewa suka yi a bar kamamme ba. Sun ɗora nauyin a kan baitulmali, in ya gaza a kan dukiyar Musulmi baki ɗaya. Wato a tsarin fiƙihu, karo-karon ƙauye shi ne mataki na biyu, bayan na hukuma. A Zamfara shi ya zama na farko, sau da yawa kuma na ƙarshe.

Matsalar ita ce gudummawa an gina ta ne a kan cewa masifa ba ta faɗa wa kowa a rana ɗaya. Gari guda ake kai wa hari, tara su sheƙo. Gida guda ke biki, unguwa ta kawo. Yanzu akwai ƙauyukan da 'yan bindiga ke aza wa kuɗin noma kafin shuka da na girbi kafin a kai amfani gida, kowane magidanci da kasonsa, ga kuma fansar mutum biyu ko uku a lokaci guda. Wanda aka fanso bara yana dawowa da bashin gari duka a wuyansa, ba gona ba shanu, kafin ya miƙe an ɗauke wanda ya fi kowa taimaka masa. Da yawa daga cikin matan da ke zaune da yara a bakin shataletale da ƙofar masallatai da kangayen gine-gine a Gusau daga irin waɗannan garuruwa suka fito. Mazansu manoma ne masu ware dami na 10, su kuma suna da littafin biki da sunayen waɗanda suke bi da waɗanda ke bin su. Mutanen da ke cikin littafin sun watse, wasu Gusau, wasu Funtuwa, wasu Kano, wasu sun rasu. Abin da ake miƙa musu yanzu ta tagar mota sadaka ce, kuma sun san bambancin fiye da mai miƙawar.